Robobin Tsohon Maska

Ɗiyata ta fari tana da sikila, kuma damina ce babbar abokiyar gabarta. Da na ga hadari ya haɗo sai na san sanyi zai shiga ƙashinta, ta yi ta murƙususu tana kirana.

Akwai wani tsoho daga wajen Maska da yake dafa karan dafi da sassaƙe, ya kawo kasuwar Funtua a ’yan robobi, ja wur. Shekarar da ta fara sha ba mu kwanta asibiti ba. Sai kawai jami’an hukumar magunguna suka kwashe kayansa, wai ba shi da lambar rajista.

Na tafi shagon yayana, mai sayar da magani a bakin tasha, na sauke masa kwandon masifa.

“Yaya, lamba ce ke warkarwa? Kafin su gama gwaje-gwajensu ai yarinyar nan ta gama wahala!”

“Ƙila maganin na da kyau,” in ji shi. “Amma wa ya ga yadda ake haɗa shi?”

“Ni da nake jinya na ga amfaninsa.”

Yaya ke nan. Ko gidansa ke ci da wuta, sai ya nemi izini kafin ya ɗebo ruwa.

Ranar da ƙafafunta suka fara ciwo, na hau acaɓa har ƙauyen tsohon. Yana zuba mini maganin, na hango robobi an kife a kan danga suna shan iska. Ɗaya takardarta ba ta gama ɓarewa ba: ga hoton tsutsar auduga, ga ƙoƙon kan mutum. Robobin maganin feshi ne, waɗanda manoma ke yarwa a bakin gona.

“Baba, waɗannan fa?”

“Ai an wanke su da toka tas, ’yata. Sun fi riƙe murfi.”

Shekara guda ina ɗura mata daga irinsu. Duk da haka na miƙa hannu na karɓa.

Na iso gida ana yayyafi. Tana kwance, ta ƙanƙame gwiwoyinta.

“Umma, kin samo?”

Na ce mata tsohon bai dafa ba. Robar tana cikin jakata da sauran ɗuminta, na kasa ba ta, na kuma kasa zubarwa.