Lita Biyun da Ba Ta Kai Mu Bakin Kogi Ba

A da, lokacin da nake bin manyan motoci zuwa Kwatano da Lome da Kumasi, direba sanda yake zurawa a tanki ya zaro, ya duba inda ta jiƙe, ya ce za mu kai ko ba za mu kai ba. Yanzu mota da kanta take faɗi a wani ɗan allo mai haske, takardarta ma tana da tata maganar. Sai dai kowace magana tana son mai sauraronta har ƙarshe.

Yayata Hadiza ta haura tamanin, tana zaune a Yamai wurin ɗanta na fari, Sani. Aka bugo waya daga ƙauyenmu na bakin kogi, bayan Tanda, cewa Mariyama, ƙawarta tun suna ƴan mata, ta kwana uku ba ta karɓar komai sai ruwa. Yaya ta ce ko a kwance ne a kai ta, tana so ta same ta da rai.

Laraba: Yamai zuwa Gaya

Mun tashi shida saura kwata, bayan sallar asuba. Motar Sani sabuwa ce, kat-kat, wato mai ƙafa huɗu, mai hawa rairayi, irin wadda ke shan mai kuma ake jona ta da wutar gida kamar waya. Ta kwana a jone, don haka muka fita unguwa ba ƙara ba hayaƙi. A shingen bakin gari wani jandarma ya leƙo ya ce, "Alhaji, turo ta kuka yi?" Muka yi dariya, ya duba takardu ya ɗaga mana hannu.

Na tambayi Sani man da ya zuba.

"Lita talatin, Kawu. Har ya yi yawa. Lita biyu take sha a kilomita ɗari, a rubuce yake."

Yaya ba ta kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Daga kujerar baya ta ce mini, "Faɗa wa wannan, jakin babanmu ma ya fi haka ci."

Mun yi kamar kilomita arba'in da biyar sai batir ya ƙare, injin ya tashi. Takwas da kwata muna Dosso, muka sha shayi da burodi da ƙwai, Yaya ta sha kunu a cikin mota. Daga nan hanya ta yi ramuka. Na lura Sani yana yawan kallon allon, hirarsa kuma tana raguwa. Sha biyu da rabi muka shiga Gaya da jar fitilar mai a kunne. Tsallaken kogi ga garin Malanbil yana ƙyalli cikin rana.

Masaukinmu gidan ƙanenmu Idi ne. Bayan azahar na ce Sani ya kawo takardar motar, na sa tabarau na bi Faransancin layi layi. Lita biyun tana nan, gaskiya ne. Amma a ƙasanta, da ƙananan baƙaƙe, an bayyana cewa da cikakken batir aka gwada, kuma yawancin tafiyar gwajin da wuta aka yi ta. Can ƙasa kuma ga wani layi: in batir ya ƙare, lita tara ne da ɗoriya.

Na ce, "Ɗana, ba ƙarya suka yi ba. Mutum ne ya ƙoshi a gidan maƙwabci, ya dawo gida ya ci loma biyu, aka rubuta cewa loma biyu ke isarsa. Wannan lissafi na mai zirga-zirga a cikin gari ne, wanda ke jona ta kullum. Mu masu doguwar hanya layin ƙasa ne namu. Ga nauyin batirin kuma tana ɗauke da shi ko babu komai a ciki."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Mai sayarwa na saman kawai ya nuna mini."

Da la'asar muka zaga gidajen mai biyu, duka babu. Masu sayar da mai a kwalba kuwa ga su nan jere a bakin hanya, kamar yadda aka saba a garin iyaka. Sani ya ce atafau ba zai zuba wa sabuwar mota man da bai san asalinsa ba. Ƙauyen kilomita talatin da biyu ne, in batir ya cika zai kai mu, ragowar man ya dawo da mu. Ya ja waya ta taga ya jona a ɗakin ajiya.

Alhamis: Gaya zuwa Tanda

Da asuba muka tarar da filogin motar a ƙasa. Mahaɗar wuta ɗaya ce a ɗakin, kuma ta firigon Fati ce, wato firjin matar Idi. Ta fito tana gyara mayafi.

"Ni na cire. Kifi na dafa wa Inna Mariyama, ko za ta sha romo. Da na bar shi da ya lalace. Na ce mota ai tana da mai."

Babu wanda ya iya yi mata faɗa. Ana haka waya ta sake shigowa daga ƙauye: in za ku zo, ku zo yanzu. Masu kwalba ba su fito ba tukuna, allon kuma ya ce sauran mai zai yi kilomita arba'in. Shida da rabi muka kama hanya, Yaya na rungume da kwanon romo a cinya.

Bakwai da ƴan mintoci muka ratsa Tanda. Daga nan jar ƙasa ta ƙare, rairayi ya fara. Sani ya sa ƙafa huɗu, injin ya shiga gurnani. Allon bai san rairayi ba. Da abin da ya gani a kwalta jiya yake lissafi. Ina kallo kilomita sha takwas ta koma goma, goma ta koma huɗu, alhali ba mu ci rabin haka a ƙasa ba. Sau biyu muka kafe muka fita da ƙyar. Saura kilomita uku, motar ta yi tari ta tsaya tsakanin gonakin shinkafa.

Sani ya kifa kansa a kan sitiyari. Yaya ba ta iya taku goma ba tare da an riƙe ta ba. Ta daɗe tana kallon bayan wuyansa, sannan ta ce mini, "Faɗa masa ya ɗaga kai. Wanda ya kawo ni daga Yamai har nan bai yi laifi ba."

Can gefe na ji ƙarar injin ban ruwa. Na bi kunyar gona na sami wani manomi, Garba, muka gaisa da Dandanci, harshen yankin. Da na ambaci gidanmu da sunan Mariyama, bai bari na ƙarasa ba. Ya kashe injinsa ya ɗauko bidon mansa, wato jarka.

"Shinkafarka fa?" na ce.

"Ta sha jiya, Baba. Ku yi sauri."

Man kwalba ne, shi wanda aka ƙi jiya. Sani ya shimfiɗa hankicinsa a bakin mazurari ya tace da hannunsa, bai tambayi asalinsa ba. Motar ta tashi a bugu na biyu.

Tara saura goma muka tsaya a ƙofar gidan. Sani ya ɗauki mahaifiyarsa cak ya shiga da ita. Mariyama na kwance a kan tabarma, idonta a rufe. Yaya ta zauna ta kama hannunta, ta yi mata magana a kunne. Sai ta buɗe ido ta ce, "Ke, sai yanzu? Tun muna yara ke ce ta baya a zuwa kogi." Suka yi dariya marar ƙarfi. Ta sha romon Fati cokali huɗu daga hannun Yaya. Mu maza muka koma zaure muka bar su har azahar.

Komawa

Da la'asar wani mai babur ya kawo mana mai daga Tanda, muka cika wa Garba bidonsa, muka zuba sauran a mota. Muka kwana Gaya. Juma'a da safe aka samu mai a gari, Sani ya cika tanki da lissafin layin ƙasa. Mun isa Yamai biyar na yamma lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Idi da Fati, da Garba wanda ya bar gonarsa da ƙishi saboda mu.

Kwana tara bayan haka Mariyama ta rasu, Allah ya jiƙanta. A duk waɗanda suka san Yaya tana yarinya, ita ce ta ƙarshe. Yaya ta ce ta yi sallama da hanyar Tanda, kuma ba ta sake bin ta ba.