Gadar da Aka Kwance

Wanda ya ari abu, wajibi ne a kansa ya mayar da shi yadda ya karɓa, in kuma ya lalace a hannunsa ya zo da bakinsa ya faɗi yadda aka yi. Wannan shi ne haƙƙina a kan ƙungiyarmu ta Hausawan unguwa a nan Jidda, wadda na shekara goma sha ɗaya ina riƙe mata littafin taro. Har yau ba a sauke wannan haƙƙi ba. Zan faɗi abin tun daga tushe, domin da yawa daga cikin waɗanda suka ga ƙarshensa ba su san farkonsa ba.

Mai ɗakina haifaffiyar unguwar Kurayyat ce a nan Jidda. Ni karatu ya kawo ni ƙasar nan, aiki ya zaunar da ni, ina kula da takardun wani sito na kayan gini. Tun farkon aurenmu take ba ni labarin yadda mahaifinta kan kwashe su a bayan mota idan sanyi ya shigo, ya fita da su barri, wato rairayin da ke bayan gari ta hanyar Usfan, su kafa tanti su kwana biyu. Na sha yi mata alkawarin zuwa, aiki ya sha cinye alkawarin. Ana nan sai ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Muka sauko daga benen da muke ciki muka kama gida a hawan ƙasa a unguwar Safa saboda kekenta. Shekara biyu ba ta je ko'ina ba sai asibiti.

Wata rana aka yi yayyafi, na tura ta bakin taga. Ta shaƙi iska ta ce, "Malam, wannan ƙanshin kwalta ne. Na rairayi daban yake. Kai ba ka sani ba, ɗan ofis."

Na ce in Allah ya yarda sanyi mai zuwa za mu je.

Ta ce, "Da wace ƙafar? Ina zan kwanta, ina zan kama ruwa? Halas, shi ke nan, bar zancen."

Ban bar zancen ba. Na sayi tsohuwar a-kori-kura mai ƙofa huɗu a kasuwar gwanjo, irin wadda mutanen nan ke kira wanet. Na kuma sayi ƙaramar tirela mai taya biyu a hannun wani mai sayar da kayan lambu, akwati ne kawai na ƙarfe mai rufi, yana warin albasa. Na kai su unguwar Bani Malik wurin wani mai walda, dattijo ɗan Nijar, na zauna na yi masa bayani. Ɗaukarta in zaunar da ita a gaban mota na saba da shi. Abin da bayana ba zai iya ba shi ne in riƙa ɗaga ta sau goma a rana a kan rairayi. Don haka ina son ɗaki wanda keke zai shiga ya fita.

Wata biyar muka yi, kowace Asabar. Ina da littafi dabam na wannan aiki, kuma yana nan. A ciki akwai faɗin keken daga taya zuwa taya, da tsayin mazauninsa daga ƙasa, domin gadon da muka kafa daidai wannan tsayi yake, ta yadda za ta zame daga keke zuwa gado da hannunta mai lafiya. Mun yanka taga a daidai idon wanda ke kwance. Mun sa zobba huɗu a daɓe na ɗaure keke, da ƙarfen dafawa a bango, da ɗan ban-ɗaki mai labule a kusurwa. Faifan sola guda da batirin mota suna juya fanka da ƙaramin firji na maganinta. Akwatunan ajiya daga tsohuwar wadirof ɗinmu na yanko su. Na so in sa tankin ruwa a can baya don a sami fili, mai walda ya ƙi. Ya ce, "Malam, kai ka san biro, ni na san ƙarfe. Nauyi a kan taya yake zama, ko ɗan gaba kaɗan. Ka sa shi baya, in kun hau babbar hanya tirelar nan za ta yi ta kaɗa wutsiya har ta kayar da ku." Na rubuta wannan ma. A bayan wanet muka sa ƙwallon ja da sarƙoƙi biyu, da shebur, da famfon taya, da rumfa ta tamfol mai naɗewa.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne gada, wato faifan da keke zai bi ya hau. Ta farko ta yi tsaye da yawa. Na zauna a keken da kaina, na rungume buhun shinkafa, mai walda ya tura ni, muka dawo da baya tare har ya zauna a ƙasa yana salati. Ta biyu ta yi tsawo, amma ta ƙarfe ce, mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta. Ta uku muka yi da alminiyam mai ƙurji-ƙurji wanda ya samo a wurin masu fasa tsofaffin motocin bas, tana naɗewa biyu, tana da baki a gefe don kada taya ta zame. Da hannu ɗaya nake sauke ta.

Ranar da aka gama, bayan la'asar, na ajiye tirelar a ƙofar gida na fito da mai ɗakina. Na tura ta ta hau ba tare da na yi nishi ba. Ta zame da kanta zuwa gadon, ta kwanta, ta dubi taga. Ba abin da ke wajen sai katangar maƙwabci da bututun na'urar sanyaya ɗaki yana ɗiga.

Ta ce, "Masha Allah, barrin naka da kyau. Har da ƙorama."

Sai ta shafa ƙarfen dafawa, ta ce, "Wallahi ka auna ni kamar tela." Ta ƙi sauka sai da aka kira magariba. Wannan ne hawanta na farko, shi ne kuma na ƙarshe. Muka sa ranar tafiya Alhamis ta sama. Ta sa na sauko da tsohuwar butar shayin mahaifinta na wanke.

Ran Litinin shugaban ƙungiyarmu ya zo gidana da ƙafarsa. Dole in yi bayanin wannan ga wanda bai zauna cikinmu ba. A nan abin hawan ɗayanmu na kowa ne. Da yawa daga cikinmu takardunsu ba su kai su yi hayar babbar mota ba, saboda haka in an yi aure ko rasuwa, wanda ke da mota shi ke ɗauko tukwane da tabarmi. In an kira ka a waya kana iya kawo uzuri. In dattijo ya tako ya cire takalmi ya sha gahawa a ɗakinka, an wuce wurin uzuri. Kuma ban manta ba, ranar da ciwon ya same ta, a motar wannan dattijo aka kai ta asibiti.

Ya ce, "Malam Sakatare, an ce ka gina gida mai taya. To ga walimar ɗan ɗan'uwanmu ran Juma'a a wata istiraha, gidan biki na haya, bayan Kurayyat. Kwana ɗaya tak."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, ga wanet nan, a ɗauka. Tirelar ta marar lafiya ce."

Ya yi dariya. "Mu ma ai marasa lafiya ne, dubi gwiwata. Sawu ɗaya muke so mu yi. Ran Asabar tana ƙofarka."

Mai ɗakina ta buga cokali a jikin kofi, alamar da take kirana da ita. Na shiga.

Ta ce, "Ce musu ta lalace."

Na ce, "Ba ta lalace ba, Hajiya."

"To ce musu a'a."

Na waiwaya wajen da shugaba ke zaune yana jira.

Ta ce, "Ya salam. Ƙarya ka iya ƙi, mutane ba ka iya ƙi ba. Tukwanen ƙungiyar nan tun ina yarinya nake wanke su. Babbar ba za ta shiga ba sai an fitar da gadon. Ni na faɗa maka."

Na koma na ba da makulli. Abin da na iya yi shi ne na rubuta takarda da Hausa da Larabci na manna a cikin ƙofa: kada a kwance komai, kada a sa dabba, kada a tara nauyi a baya. Shugaba ya karanta ya ce, "Sakatare da takarda! Ko Aljanna za ka shiga sai ka nemi a sa maka hannu." Muka yi dariya tare. Ina jin kunyar wannan dariya har yau.

Tirelar ba ta dawo ran Asabar ba, sai ran Talata da hantsi, wani da ban sani ba ya jawo ta ya ajiye ya miƙa mini makulli ya ce sauri yake. Tun daga nesa na ga tayar hagu ta karkace. Na buɗe. An kwance gadon an jingine shi, ƙafa ɗaya ta karye. An tura tankin ruwa can baya. Daɓen duk kashin raguna ne. Takardata tana nan a manne, ba wanda ya taɓa ta. Gada kuwa babu. Ramukan noti shida ne kawai a bakin ƙofa.

Na bi sawu kwana uku. Abin da na iya tattarawa shi ne, mahauta sun rasa inda za su sassara nama, wani ya ce ga faifai mai kyau mai wankuwa, aka kwance shi aka ɗora a kan bulo. Da aka watse aka bar shi a bakin katanga, masu tsintar ƙarfe suka wuce da shi. Wane ne ya ce a kwance? Kowa ya ce yana wajen tukunya a lokacin. Shugaba ya ce mini, "Halas, Malam. Ƙarfe ne. Allah zai musanya."

Da na faɗa wa mai ɗakina, ba ta ce ta faɗa mini ba. Da ma ta ce. Ta dubi butar shayin da ke kan teburi ta ce in mayar da ita sama kada ta yi ƙura.

Na koma Bani Malik, na tarar da shagon a rufe. Ba a sabunta wa mai walda iƙama ba, wato takardar izinin zama, ya tattara ya koma gida. Wani na samu ya yi mini gada ta ƙarfe, na ba shi awo, ya rage tsawon don ya ce haka ya fi ƙarfi, ta fito a tsaye kamar ta farko. Sandar da ta haɗa tayoyin ta lanƙwashe saboda nauyin tukwane da tulunan gas, irinta kuma ta tsohon yayi ce, sai da na yi mako biyar kafin in samu. Kafin a haɗa komai sanyi ya wuce, zafin Jidda ya sauko, wanda mai lafiya ma ba ya kwana a rairayi cikinsa. Na ce mata sai baɗi. Ta ce, "In sha Allah," da irin muryar da ake lallashin baƙo.

Ciwon ya sake bugunta a tsakiyar zafi. Ta yi kwana goma sha tara ba ta magana, sannan Allah ya karɓi abinsa. 'Yan ƙungiya sun tsaya mini a jana'iza, ba zan ɓoye wannan ba. Su suka yi girki, su suka karɓi baƙi.

Ban ce wani ya kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare. Ban kuma wanke kaina ba, domin ni na miƙa makulli bayan ta hana ni, kuma ni na shekara talatin ina ɗaga tafiyar da take da ƙafafun yin ta. Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma akwai sanyi guda da aka ba ta, an gama shiri, an sa rana, aka karɓe shi don a sassara nama. Sau biyu na ta da maganar a taro. Na farko aka ce lokacin makoki ne. Na biyu aka ce tone-tone yana raba zumunci, aka umarce ni kada in rubuta. Na rubuta cewa an umarce ni kada in rubuta.

Saboda haka ina roƙon dattawan ƙungiya, cikin girmamawa, su zaɓi mutum biyu waɗanda ba su halarci walimar ba, su tambayi mahauta da masu girki da wanda ya ja motar, su gano wanda ya ba da umarnin kwance gadar da wanda ya ga an bar ta bai ɗauka ba. Ba na neman a saya mini wata. Ina neman a karanta sakamakon a gaban taro, mutumin ya miƙe ya ce shi ne, sannan ya tako tare da shugaba zuwa gidan ƙanwar marigayiya a Kurayyat, wadda ta ɗinka labulen tirelar da hannunta, ya faɗa mata abin da ya faru. Ina roƙon a sa wannan a taron wata mai kamawa, kuma a ba ni amsa a rubuce.