Jirgin Illiya da Awakin Haoua

Illiya mai ɗinkin sirdin raƙumi shi kaɗai ne a Agadez ya mallaki jirgin ruwa. Jirgin ruwa fa, a garin da kaza ma taimama take yi.

Wata anasara ta bar masa shi, zamanin da motocin katkat na 'yan yawon buɗe ido ke cika gari. Siriri ne, ja, na roba, da sandar tuƙi mai faɗi kai biyu. Ya rataye shi a zaure. In aiki ya lafa da hantsi sai ya sauko da shi bisa rairayi, ya shiga, ya lumshe ido, ya kama tuƙi. Nan da nan ruwa ya kwanta daga ƙofar gidansa har Bilma, shuɗi, shiru, dabinai tsaye a ciki har wuya, ayarin gishiri na iyo a gefensa. Gemu ya yi fari, Illiya na tafiya, bai bar zaure ba.

Duk damina in korin Telwa, rafin garin, ya kawo ruwa, sai ya samo dalili. Bana ruwan ya yi ƙarfi. Bana kafaɗa. Gaskiyar ita ce ruwan da ya wuce idon sawu bai taɓa taka shi ba.

Ran nan komin awakin matarsa Haoua ya fashe.

"Malam," in ji ta, "daminar nan in ta wuce abin nan bai taɓa ruwa ba, zan sa a raba shi biyu awakina su sha a ciki. Ko banza shi ma ya ɗanɗana."

Aka yi ruwa wajen Dabaga, kori ya sauko, gari ya fita taryarsa kamar kullum. Da ya lafa ya bar tabki a wani kwari. Illiya ya ɗora jirgi a sharet, amalanken jaki, ya nufi tabkin, Haoua na biye.

To, bawan Allah abin hawa ɗaya ya sani. Ya ɗaura wa jirgi akala a hanci, ya tura shi ruwa, ya tuɓe takalma, ya harɗe ƙafafu bisa wuyansa, ya yi masa tsakin tada raƙumi. Jirgi ko gezau. Ya kama tuƙi gefe guda, jirgi ya shiga juyi kamar kare mai neman wutsiyarsa. Mata suka zube da dariya. Ya ja akala don ya tsaya, ina! Sandar ma ta kuɓuce.

Sai ya saki komai ya kishingiɗa. Ruwa ya ɗauke shi a hankali. Gajimare sama, gajimare ƙasa, shi a tsakiya ba nauyi, dariyar tana zuwa daga nesa kamar daga wani gari. Yau idonsa buɗe yake.

Haoua ta tattare zane ta shiga. Ruwan da Illiya ya yi shekaru yana tsoro ashe iyakarsa gwiwa. Ta kama akalar.

"Haoua, kin gani? Ya taɓa ruwa."

"Na gani, madugun teku. Zauna daidai kar ka kife mana."

Maimakon ta nufi gaɓa, sai ta ja shi suka zaga tabkin, suka sake zagawa.

Awakin har yau a wani tsohon kwano suke sha.