Yinin da Na Roƙi Duniya Ta Dakata

Ko zan manta da komai, ban da ranar da muka rasa Baba, shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki.

Lokacin ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, ga ni da surutu kamar an kunna rediyo. Baba yana jinya a gidanmu na unguwar Mandawari a Kano, ni ke ɗebe masa kewa. Wata rana na ba shi labarin cewa duniya tana rage saurin juyawa: wata yana jan ruwan teku, jan nan yana taka mata birki, har yinin zamanin da can can bai kai na yanzu tsawo ba.

"To nawa ake ƙara mana, Malama?" Haka yake tsokanata.

"A shekara ɗari, bai kai ƙiftawar ido ba."

"Ashe kyautar marowaci ce," in ji shi. "Ni dai a ƙara mini har yayanki ya dawo."

Yayana yana tsare a wani kurkuku mai nisa saboda rubutun da ya yi a jarida. Da mulki ya canza hannu aka sake shi, saƙo ya iso cewa ya kamo hanya, zai shigo Kano da yamma. Da hantsin ranar Baba ya cika.

A wajenmu gawa ba ta jira. Na durƙusa gaban ƙanen Baba na ce, "Baffa, a bari Yaya ya ga fuskarsa."

"'Yata, haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Na ɗaga har bayan la'asar, fiye da haka ba zan iya ba."

Na zauna cikin mata ina kallon inuwar katanga tana cinye tsakar gida. Ni da na fi kowa sanin ƙanƙantar ƙarin, sai ga ni ina roƙon duniya a zuci ta dakata. Na ji haushinta ƙwarai. Aka sallame la'asar, aka ɗauki makara.

Ana kiran magariba Yaya ya iso da 'yar leda a hannu, duk ya rame, ya tarar da maza a ƙofar gida suna wanke ƙasar kabari daga hannuwansu. Bai yi kuka ba. Ya wuce ɗakin Baba ya zauna gefen shimfiɗar da ba kowa.

Har yau ina koyar da darasin nan, amma ba da zumuɗin da ba. Na gane sassaucin duniya ba don ɗan Adam ba ne. Ita tana da lokaci, mu ko la'asar ɗaya ba mu mallaka ba. Shi ya sa in aka ce wani nawa yana kwance ba lafiya, ba na cewa sai gobe.