Dusar Ƙanƙarar da Baba Ya Je Gani

Ko da zan manta da lambar wayata, ba zan manta da kwana ukun da muka yi da mahaifina a gindin wani dutse a Turai ba.

Baba malamin labarin ƙasa ne. Shekara da shekaru yana zana dusar ƙanƙara da farin alli, yana koya wa yara yadda take sauka, alhali ƙanƙarar da ya taɓa riƙewa ba ta wuce ta masu sayar da zoɓo ba. Da ya yi ritaya ya dawo wurina a Abuja, na yi alkawarin kai shi ya gani da idonsa. Shi ya zaɓi lokaci, kuma da lissafin manomi ya zaɓa.

"Mu je da farkon saukarta, Oga," in ji shi. Haka yake tsokanata tun da aka ƙara mini girma a ma'aikatarmu. "Ruwan fari ya fi albarka. Wanda ya makara da shuka, ɗan kallo ne ranar girbi."

Muka je kasuwar Karmo ya zaɓi kwat ɗin gwanjo, ya rantse babbar rigarsa zai ɗora a kai, kuma ya ɗora.

Mun isa wurin da Turawa ke wasan zamiya a kan ƙanƙara a makon da aka buɗe shi. Dutsen nan ba komai sai busasshiyar ciyawa, kamar tuddan bayan unguwar Apo a watan Maris. Farin da ke wurin siririn layi ne guda, daga sama zuwa ƙasa, wanda injuna ke fesawa. A kansa jama'a suka yi cincirindo, kowa da dogayen katakan zamiya biyu a ƙafa, ana ture juna cikin ladabi. Layin masu jiran hawa dutsen kuwa ya fi na tashar Utako ranar jajiberin sallah.

Na ɗebo ƙanƙarar a hannu na miƙa masa. Ya murza, ya shinshina.

"Wannan ai ta firji ce. Ni ta Allah na zo gani."

Kwana biyu yana zaune a benci da kofin shayi, ya ba masu wasan baya yana duban sama. A rana ta uku da hantsi, ina ɗaure kaya, ya kira ni bakin taga. Sama ta yi nauyi, iska ta tsaya cik.

"Hadari ya haɗu. Mu ƙara kwana ɗaya."

"Baba, ina da mitin ranar Litinin. Sai baɗi, in sha Allah."

Bai yi musu ba. Ya ce, "To, Oga," ya ɗauki jakarsa.

Muna sauka Abuja na kunna waya, sai ga hoto daga mai masaukinmu. Bencin nan ya nutse cikin fari, saura kan majinginarsa. Na miƙa wa Baba. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ka gani ko? Da kwana ɗaya kacal na kuskure. A jarrabawa ai na ci."

Mitin ɗin kuwa ɗage shi aka yi, har yau ba a sa rana ba. Baba ya rasu kafin baɗin ta zo.

Abin da na koya ke nan, a makare: idan tsoho ya roƙe ka kwana ɗaya, ka ba shi. Ofis ba ya rasa Litinin, shi kuwa ba ka san ko nawa suka rage masa ba.