Yadda 'Yata Ta Kashe Ni a Layin Farko

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: ni ne wawan wannan labari. Amma ina da hujjata, kuma har yau ban ga wanda ya rushe ta da ilimi ba. Da baƙar magana kawai aka rufe mini baki.

A ƙarshen shekarun tamanin fataucin doya nake yi. In yi lodi a Salaga, mu bi ta Yendi, mu sauke a Bawku, in dawo da albasa. Kakannina goro suka yi fatauci, ni doya ce rabona. Boko kuwa aji uku na yi aka cire ni, don haka ina jin Turanci in yana tafiya a hankali kamar tsohon jaki.

'Yata ta biyu, wadda nake kira uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, tana aji shida lokacin. Tichansu ya ara mata wani littafin yara mai yagaggen bango, labarin wani dodo mai cin mutane. Kullum bayan la'asar ina ware doya a ƙofar gida, manya gefe, masu tabo gefe, ita kuma tana kan benci tana karantawa tana juya mini da Hausa. Da fari don ta ji daɗi nake saurare. Kafin mako ya zagayo raina ya ɓaci.

Ku duba mini rainin hankali. Yaron labarin maraya ne. To, Allah ya jiƙan iyayensa. Ya ga dodo da idonsa, ya gaya wa manyan gari, ba wanda ya yarda. Gari guda, da limaminsa da maharbansa, a ce ba mai hankali sai ɗan shekara goma! Sai wata tsohuwa a bakin daji ta ba shi wani ƙulli, ta ce kada ya kwance sai ya ga mutuwa. Me ya hana ta faɗa masa abin da ke ciki? Bakinta ke ciwo? Shi kuma dodon, ƙato kamar rumbu, ya damƙe yaro a hannu, maimakon ya haɗiye ya kora da ruwa, sai ya tsaya yana jawabi, har da faɗin wurin da ake sukarsa ya mutu. Na tsufa a kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya juya wa mai saye ruɓaɓɓen gefen doyarsa ba.

"Baba, ai haka ake yin su," in ji ta.

"Wa ya ce a yi haka? A kawo mini shi."

Bayan 'yan watanni aka ce za a yi gasar labari ta 'yan makaranta a Yendi, wanda ya ci a ba shi kwali guda cike da littattafai. Ticha ya zaɓe ta. Yarinyar da ta karanta littafi ɗaya har ya kusa narkewa a hannunta, ku ƙiyasta yadda ta sa rai da wannan kwali. Mako uku tana rubutu. Nata dodon a ɗaya daga cikin tsofaffin rijiyoyin Salaga yake, irin waɗanda ciyawa ta rufe bakinsu, yana shanye ruwan gari. Wannan kam na yaba. Sai ta karanta mini layin farko: yarinyar labarin marainiya ce, ubanta falke ne mai doya, lorinsu ya kife a hanyar Bawku ya mutu.

Doyar da ke hannuna ta faɗi.

"Uwata, mai me kika ce?"

"Mai doya."

"A wace hanya?"

"Baba, ba fa kai ba ne."

"To wane ne? Mu nawa ne a gidan nan masu kai doya Bawku?"

Mu matafiya ba ma wasa da baki. Ranar tafiya ko kalmar faɗuwa ba a furtawa a gidana, ko da ludayi ne ya faɗi. Ga shi an rubuta mutuwata da biro, wanda ba ya goguwa, za a kuma karanta ta a gaban jama'a a Yendi, garin da yake kan hanyar tawa! Yarinyar da nake sayo wa takalmi duk tafiya.

Sai na yi wa labarin abin da nake yi wa doya, na zauna na ware shi. Na ce ta ɗauko sabuwar takarda, ina faɗa tana rubutawa. Uba yana nan da ransa, lafiyayye, mai kwarjini. Yarinya ta ga dodo, ta zo ta durƙusa ta gaida ubanta, ta faɗa masa. Ya yarda nan take, don mutum ne mai hankali. Ya tara maza, aka ɗauko bindigar toka, aka je da rana tsaka. Dodo ya buɗe baki zai yi jawabi, uban ya ce ba hira muka zo ba, aka harbe shi. Tsohuwa mai ƙulli da ita ma ta sa a nata labarin kuwa, korar ta na yi. Ita yarinyar tana gida tana wanke-wanke, kamar 'yar mutane. Shafi goma sha biyu ya koma ɗaya da rabi.

Ta yi kuka. Na ce ko wannan, ko ba Yendi.

Ni na kai ta da kaina a gaban lori, da ma hutu ya zo, za ta wuce Bawku wurin gwaggonta. A wurin gasar na zauna a benci na gaba da babbar riga. Abin da na gani ranar, Allah ya kyauta. Duk yaron da ya tashi, kafin ya gama gyara murya ubansa ya mutu. Iyayen kuma suna zaune suna tafa wa mutuwarsu! Da aka zo kan uwata, ta fara, ta gama, mutane ba su ko gama gyara zama ba. Ɗaya daga cikin alƙalan ya juya bayan takardar yana neman saura. Tichanta ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ni kaɗai na tafa. Kwalin kuwa wani yaro aka ba, wanda dodonsa ya yi surutu kamar mai tallar magani.

Muka kama hanyar Bawku. Na saya mata ƙosai, ta riƙe shi har ya huce.

Gwaggon tata yayata ce, mai sayar da albasa, ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ta yi mana tatsuniya muna yara. Washegari da hantsi na kai mata ƙara: alƙalan Yendi sun yi zalunci, sun ƙi labari mai tarbiyya. Yaya ta ce a karanto mata ta ji. Na ce ai ba a tatsuniya da rana. Ta ce wannan karatu ne, in yi shiru.

Ashe yarinyar ta ɓoye na farkon a ƙasan jakarta. Shi ta ɗauko. Matan gidan da 'ya'yansu suka taru. Da aka kashe ni, wata mata ta ce wayyo. Da marainiyar ta shiga rijiya tana riƙe da hular ubanta, na ga Yaya tana goge ido da bakin mayafi. Kokon wata ya huce a hannunta ba ta sani ba. Sannan aka karanta nawa. Da aka gama, mai kokon ta ce, "Shi ke nan?"

Matan suka kwashe da dariya. Na miƙe tsaye. Na ce su yi ta dariya, amma ga ni na iso Bawku da ƙafata, da an bar layin nan da yanzu zaman makoki suke. Na bi marayun nan ɗaya bayan ɗaya, na bi tsohuwa mai ƙulli, na bi dodanni masu surutu. Na daɗe ina bayani, kuma bayani mai kyau.

Yaya ta bari sai da na tsaya jan numfashi.

"Ka gama, auta? Dodonta ruwan rijiya kawai ya shanye. Kai shafi goma ka haɗiye, ka kora da kwalin littattafai, ga shi har jawabin ma ka tsaya ka yi mana. Zauna."