Fasasshiyar Randar Malam Iro

Jiya da hantsi na fito da ɓawon kankana zan ba kunkurunmu Gaggawa, sai na ga ragar da ke rufe da wurinsa a yaye, shirwa biyu suna shawagi a saman gida, kunkuru kuwa babu shi babu alamarsa. Ni na ɗage ragar zan yi shara, aka kira ni a waya, na manta. Kwana tara kacal da rasuwar kakanmu Malam Iro, kuma ni ya bar wa amanar.

Ku da kuka san shi, kun san ba ya kurɓar koko da safe sai ya ɗaga kai ya ƙare wa sama kallo. "Yau 'yan fashin nawa ne?" Shirwa yake nufi. Tun ranar da ya tsinto ɗan kunkurun a bakin kogi, bai kai tafin hannu ba, ƙoƙon bayansa ko ƙwari bai yi ba, ya ɗaura yaƙi da duk mai fiffike ko haƙori a Wudil.

Na ce, "Malam, a sayo ragar ƙarfe mana."

"Ke 'yar boko, komai saye!"

Ya je wajen masunta ya roƙo yagaggiyar komar kamun kifi, ya ɗinke ta da kansa, ya binne guntayen kwano a kewaye saboda gafiya. Gafiya ta zo ta kasa shiga, ta huce a kan buhun geron kakarmu Iya. Shi kuwa har da murmushi: "Ai gara gero." Kwana biyu Iya ba ta amsa masa sallama da daɗi ba.

Ranar hankaka fa? Ya auna da danƙo, dutsen ya tsallake katanga ya fasa butar maƙwabcinmu Malam Sani yana tsakar alwala.

"Haba Malam Iro! Na yi maka kama da hankaka ne?"

"Da baƙar rigar nan da farin gemu? Kaɗan dai."

Sai randa. Randar Iya ta tsage, ta ce a jefar. Ina! Ya kwantar da ita a gindin lemo, ya binne rabi, ya cusa busasshen ganye. "Wanda ba ya iya gudu, sai a yi masa wurin ɓuya." Wata takwas Gaggawa bai ko leƙa ta ba. Iya ta ce, "Ka gina wa ɗanka bene, ya ƙi tarewa." Ya ce, "Ranarta ba ta zo ba."

To jiya na duba ƙarƙashin turmi, bayan murhu, har rariya na zura hannu, ina kuka ina kiransa kamar zai amsa. Randar ko a raina ba ta zo ba. Mun saba yi mata dariya.

Ana kiran azahar Iya ta fito daga ɗakin takaba, ta dafa sanda, ta durƙusa da ƙyar a gindin lemon, ta zura hannu cikin randar har gwiwar hannu. Sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Share hawayenki, Hadiza. Ga shi can ƙurya, lafiyarsa ƙalau." Ta dafa sanda ta miƙe. "Tsohon nan, ko a kabari sai ya ci gardama."

Allah Ya ji ƙanka, Malam. Yadda ka yi wa mai rauni mafaka, Allah Ya yi maka inuwa ranar da babu mai iya gudu.